Igiyar Ramar da Ta Je Kumasi

A Kwatano aka fara yi wa igiyata dariya, kuma har na dawo gida ba a daina ba. Igiyar rama ce mai kaurin ɗan yatsa, da ƙulli a kowane baki. Baba ne ya tufka ta da hannunsa, ya ce in naɗa a ƙugu kada in sa a jaka, don jaka takan ɓace a mota. Haka na yi ta yawo a ƙasashen mutane, ƙato da ni, da igiya ƙarƙashin riga kamar mai neman akuyar da ta tsinke.

Gidanmu masu ƙera jiragen ruwa ne a Yelwar Yawuri, bakin kogin Kwara, amma asalinmu wani gari ne a ƙasar Ngaski wanda ruwan Kainji ya cinye tun ina goye. Abin da ya rage na garin shi ne maɗaci guda, miƙaƙƙe, a bakin gaɓa, inda a da mutanenmu suke ɗaure jirage. Shekara biyu ko uku bayan an yanke mana Kebbi daga Sakkwato, iskar farkon damina ta kayar da shi. Ya faɗi a kan laka, wurin da ruwa ke janyewa da bazara ya dawo kafin kaka. Baba ya je ya nemi izini wurin hakimi da mutanen gandun daji, aka bar masa. Ya ce da shi zai ƙera jirginsa na ƙarshe, kuma katakon ƙasan jirgin dogo yake so, daga kai har gindi, ba haɗi ko ɗaya.

To, da me za a yanka? Masu zarton hannu sun ce sai sun yi wata huɗu. Injin hannu mai sarƙa kuwa rabin itacen yake mayarwa gari, abin da ya rage kuma ya fito a karkace. Gungumen ba ya jawuwa don nauyi. In ruwa ya dawo ya rufe shi, sai baɗi, in ma laka ba ta binne shi ba, ga idon Baba kullum ƙara dushewa yake. Ana cikin haka wani direba mai kai albasa Gana ya ba ni labarin inji mai ƙafafu da ya gani a wajen Kumasi, wanda ake ja har inda itace yake. Zartonsa siriri ne kamar ɗamara, yana tafiya a kan dogo irin na jirgin ƙasa. Da Baba ya ji, sai ya kwana biyu yana tufka, ya miƙo mini igiyar.

"Dogon injin ya kai tsawon wagga," ya ce. "In bai kai ba, bar musu abinsu."

Na ce, "Baba, gaba nawa ce? In rubuta."

"Gabarka da tawa ɗaya ce? Tahi da igiya, ka bar ƙirga."

Gaskiyarsa, hannuwan Baba sun fi nawa tsawo nesa ba kusa ba. Shi ya sa ban taɓa auna ta ba.

A Kwatano na tsaya don an ce ba abin da ba a samu a tashar jiragen ruwansu. Wani dillali mai hular fata, Hausarsa rangaɗaɗau, ya riƙe hannuna kamar mun sha nono ɗaya. Ya ce injin da nake nema yana nan, sabo fil, saura kaɗan wani ya ɗauke. Kwana uku yana yawo da ni, ni ke biyan mai babur, ni ke sayen abinci, shi kuwa cinsa ba na wasa ba ne. A rana ta uku ya kai ni wani sito, ya yaye tamfal da fahari. Inji ne kam, zartonsa ma kamar ɗamara, amma a tsaye yake, bai fi tsayina ba. Tun kafin in matsa hancina ya gaya mini komai. Ni da aka haifa cikin ƙarnin kifi za a sayar wa injin yanka daskararren kifi a ce na katako ne.

Na kwance igiyata na shimfiɗa a ƙasa, ta wuce injin ta fita ƙofar sito. Leburori suka yi ta ƙyaƙyatawa da Faransancinsu. Dillalin ya ce wai in haƙura in riƙa yanka itacen gunduwa-gunduwa. Na naɗe abata na fita. Haushi ya cika ni a ranar, amma yau in na tuna fuskarsa dariya nake yi.

Daga nan sai Lome, sai Ankara ta Gana, sai Kumasi. A kowace iyaka sai an shafa ƙuguna an ji abu, a ce in ɗaga riga. Wani jami'i a iyakar Gana ya juya igiyar, ya shinshina, ya tambaye ni ko magani ce. Na ce ma'auni ce. Ya kira abokansa su zo su ga mutumin Najeriya da ya zo sayen inji da igiya, suka yi dariyarsu son ransu, sannan ɗayansu ya ba ni ayaba biyu ya nuna mini motar Kumasi.

A zangon Kumasi Allah ya haɗa ni da Alhaji Salifu, wani dattijo mai fataucin goro. Bayan sallar la'asar na tambayi inda baƙo zai sauka, da ya ji na ce Yawuri sai ya dafa ni. Kakarsa daga bakin Kwara aka kawo ta, in ji shi, ta mutu tana zancen kifin can, shi kuwa bai taɓa ganin kogin ba. Ya ba ni ɗaki a zaurensa, ya hana ni ko zancen haya. Ladarsa ɗaya ce, kullum in an ci abinci sai na ba shi labarin Kwara: yadda giwan ruwa ke fizgar ƙugiya, yadda kasuwar Yelwa ke cika da jirage har mutum ya taka daga wannan zuwa wancan bai jiƙa ƙafa ba. Wani lokaci nakan ƙara gishiri, shi ma ya sani, bai taɓa hana ni ba.

Amma Kumasi garin ruwa ne, kuma ruwan nan shi ya hana ni sakat. Duk sanda aka tsuge, ni a kan gungumen Ngaski nake jin sa. Na yi kewar gida ƙwarai. Dokunu, tuwon masararsu mai tsami, ya ƙi zama mini abinci, sakwararsu kuma haɗiya ake ba a tauna ba, ni kuwa ban iya ba. Da matar Alhaji ta lura ina ramewa, sai ta shiga kasuwa ta nemo gero, ta dama mini fura. Ba ta yi kama da ta Inna ba ko kaɗan, citta ta yi mata yawa, amma na shanye ƙwarya guda, idona ya cika da ƙwalla, na ce mata cittar ce.

Mun yi kwana goma muna cigiya kafin aka kwatanta mana wani ƙauye a bakin kurmi. Mai injin mace ce, Maame Akosua, gajeriya, kakkaura, mijinta ya rasu ya bar mata shi a ƙarƙashin rumfar kwano. 'Ya'yanta sun tafi birni, tana so ta bi su. Da na ga injin sai daɗi ya rufe ni. Ga ƙafafun nan biyu, ga dogon, ga zarton kwance yana sheƙi. Na kai hannu zan taɓa, ta buge mini hannu kamar na taɓa naman miya.

Ta yi magana da yarensu na Tuwi, Alhaji ya fassara. "Ta ce ba za ta sayar maka ba sai ka iya. Wai ba za ta ba da abin mijinta ga wanda zai kashe shi a wata guda ba."

"Ka gaya mata tun ina shekara bakwai nake riƙe zarto."

Ta saurara, ta amsa a taƙaice. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ta ce to ka yi shekaru kana riƙe abin da ba wannan ba."

Mako guda na yi a hannunta. Ta koya mini wasa haƙoran zarto ɗaya bayan ɗaya, da karkata su, wannan dama wannan hagu. Ta koya mini ɗaure shi har ya yi wata ƙara in an ƙwanƙwasa da yatsa, da barin ruwa yana ɗiga a kansa kada ya yi zafi. In na tura da gaggawa katako ya fito da tudu da kwari, sai ta kama tafina ta goga a kai don in ji kunyar da hannuna. Ba ma jin yaren juna, amma faɗanta ba ya bukatar tafinta. Ranar da na fitar da katako sumul, ta shafa, ta shiga ɗaki ta fito da zartunan mijinta guda shida naɗe cikin buhu, ta ce kyauta ne.

Saura magana ɗaya. Da na shimfiɗa igiyar Baba a kan dogon, sai ta wuce shi da kusan rabi. Maame ba ta yi dariya ba, ita kaɗai a duk tafiyar. Ta tambayi wane irin itace ne haka, Alhaji ya ba ta labarin garinmu da ruwa ya ci. Sai ta ce a kai injin unguwar maƙera da suke kira Magazin, akwai mai waldar da mijinta ya yarda da shi, ya ƙara dogon gaɓa-gaɓa yadda za a kwance a ɗaura da noti.

Ranar da za a yi awo, a bayan a-kori-kura na zauna tare da injin, ruwa ya dake ni tun daga ƙauyen har cikin gari. Na isa sharkaf. Na kwance igiyar daga ƙugu tana ɗiga, na miƙe ta a kan ƙarafan, mai walda ya ja alli daidai ƙullin. Ya ware wurin da kan injin zai tsaya, sannan ya ɗauko tef ɗinsa ya ce bari ya ƙara ko ƙafa biyu don ko-ta-kwana. Na ce a'a. Na ce ubana ya ce daidai igiya, kuma ƙarfe nauyi ne, hanyata da nisa. Na faɗi haka da ƙirji a buɗe, ina jin kaina ɗa mai bin umarni.

Alhaji ya sama mini wuri a motar goro mai zuwa Malanbil. Ya raka ni tasha da ƙullin goro fari, ya ce in ba Baba, in kuma ɗebi ruwan Kwara in wanke fuska a madadinsa. Kwana biyar muka yi a hanya, ina zaune a kan huhunan goro, hannuna ɗaya a kan injin kamar mai rakiyar amarya. Daga Malanbil muka haye Gaya, aka loda shi cikin babban jirgin wani Basarke, ɗan gidan masunta, mai suna Mamman, wanda ya san Baba tun suna samari. Da na ji ƙamshin kogi, na ji ana Hausa irin tamu, sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Na wanke fuska sau biyu, ɗaya tawa ɗaya ta Alhaji. Rana ta buɗe tarwai, igiyar kuma ta fara warin ruma don tun Kumasi ba ta bushe ba, sai na shanya ta a kan rumfar jirgi.

A Lolo, inda ake shiga ƙasarmu, ma'aikatan kwastan suka ce a sauke kayan su gani, don ba su taɓa cin karo da irinsa ba. Babbansu mutumin kirki ne, ɗan masunta. Ya duba takardun, ya yanka harajin da doka ta ce, sannan ya roƙe ni in jera dogon a kan yashi ya ga yadda abin yake. Na jera gaɓoɓin bakin juna, mutane suka taru. Daɗi ya ɗebe ni, na ce bari in nuna musu gwanintar, na ɗauko igiyar daga rumfa, ta bushe ƙayau. Na sa ƙulli ɗaya a farkon dogon, na ja ɗayan zuwa alamar allin.

Ƙullin ya wuce allin. Ya wuce da ɗani biyu har da 'yan yatsu.

Na sake ja, na matse gaɓoɓin, na sake aunawa. Haka dai. Mamman ya tsuguna kusa da ni, ya murza igiyar a yatsunsa.

"Garba, rama ce ko?"

"Rama ce."

"Jiƙaƙƙa ka auna da ita can?"

Wane ɗan bakin ruwa ne bai san igiyar rama in ta sha ruwa tana ƙanƙancewa ba? Tun ina ƙarami na san in ka ɗaure jirgi da busasshiya ka bar mata sarari, in ba haka ba da safe ka tarar ta ja shi ta ɗame. Abin da na sani kamar sunana, shi na manta a Kumasi, har ina hana mai walda ƙari.

Daga Lolo zuwa gida ban ji daɗin komai ba. Muka wuce ƙasar Shanga, shinkafa kore shar har iya gani, mata suna ɗaga mana hannu daga gaɓa, ni kuwa ruwan nake kallo. Ya yi ja, ya cika, yana ɗauke da ciyayi. A Yelwa ba a samun irin wannan ƙarfen miƙaƙƙe, sai an aika Kwantagora ko gaba, kuma mako guda ke nan ko fiye. Na yi ta lissafin ƙaryar da zan yi, kowace na ɗauko sai in ga Baba zai gane ta kafin in rufe baki.

Inna na tarar a bakin tashar Yelwa, don labarinmu ya riga mu isowa. Ta shafa kaina, ta ce na rame, ta ce kada ma a sauke kaya. Baba ya yi kwana ashirin a Ngaski, yana kwana a bukkar masunta, kullum da safe ya kafa kara a bakin ruwa, washegari ya tarar ruwa ya wuce karan. Mamman bai ko kashe injin jirginsa ba, muka miƙa.

Da hantsi muka isa. Ruwa ya riga ya shiga cikin rassan maɗacin, saura taku kaɗan ya taɓa gungumen. An sare kai da gindi an gyara shi, yana kwance jajir. Masunta sun taru, Kambarin ƙauyukan tudu sun sauko da matansu, har da limamin wurin da wani fasto, kowa ya zo ganin injin da ya sha ruwan ƙasa huɗu. Aka yi ta guɗa. Baba yana zaune a kan gungumen, da sandarsa.

Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi goron Alhaji. Sannan na matsa kusa yadda ba mai ji, na gaya masa komai, ruwan Kumasi, da allin, da ƙarin da na hana, da abin da na gani a Lolo. Na ce dogon ya gaza igiya da ɗani biyu, katakon ba zai fita ba sai an rage itacen, kuma laifina ne ni kaɗai.

Ya miƙo hannu, na sa masa igiyar. Ya tashi tsaye, ya kama ƙulli, ya buɗe dogayen hannuwan nan nasa, gaba ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ya tsaya. Saura wani guntu yana lilo a hannunsa, daga gwiwar hannu zuwa yatsa.

"Itacen gaba biyar na," ya ce. "Wanga kamun da ya rage, na ruwan kudu na."

Na ce, "Na ruwan kudu kuma, Baba?"

"Na kai jirgi Lakwaja tun ba a haihe ka ba, na ga abin da damshin can ka yi ma rama. Kuma na san wanda na aika. Kai da ko tuwo ba ka jira ya huce, za ka jira igiya ta bushe?"

Mamman, wanda ashe yana bayana yana ji, ya fashe da dariya har ya zauna cikin laka. Ni ma na yi, amma tawa da hawaye ta fito. Na ce, "Baba, mi ya hana ka gaya mini?" Ya ce da ya gaya mini, da na cire kamun da kaina don in rage nauyin ƙarfe. Ban yi musu ba, don haka ɗin ne zai faru.

Muka kafa dogon a gefen gungumen, muka daidaita da duwatsu. Maza sun fi talatin, da gwafanni da igiyoyi, ana waƙa ana turawa, har itacen ya mirgina ya hau. Na ɗaure zarto, na ƙwanƙwasa na ji ƙarar da Maame ta koya mini, na buɗe ruwan ɗigo, na yi bisimilla na tayar. Da injin ya yi kuka mata suka ja da baya, sannan suka dawo. Na tura a hankali, a hankali ƙwarai, kamar tana tsaye a kaina. Jan gari yana zuba, ƙamshin maɗaci ya cika wurin. Zarton ya fita ta ƙarshen gungumen, kan injin ya daki matsayarsa. Tsakaninsu bai fi yatsa biyu ba.

Baba ya laluba wurin, ya sa yatsunsa a ratar, ya ce, "Ashe ma rowa na yi. Da na ƙara ɗani."

Da aka ɗaga katakon farko na ƙasan jirgi aka kwantar a kan duwatsu, sai ya ajiye sandarsa. Ya ɗora tafinsa a kai ya fara tafiya, yana shafawa yana neman tudu ko kwari. Ƙarshen katakon yana wajen ruwa, ya shiga har idon sawu bai ma kula ba. Da ya kai ƙarshe ya tsaya nan, hannunsa a kan itacen, fuskarsa wajen inda garinmu yake a ƙarƙashi. Ya daɗe a haka, ba wanda ya kira shi.

Kwana huɗu muka yi muna yanka. A na biyar, da muka zo kwance dogon, ruwa ya rufe duwatsun da muka sa masa.

Kafin bazara aka gama ƙera jirgin. Baba ne ya buga kowace ƙusa ta ƙasa, da laluben yatsa, ya hana kowa taɓawa. Ranar da aka tura shi ruwa ya ce a kai shi Ngaski, muka tafi ni da shi da Inna da Mamman. Da muka kai saitin tsohon garin ya ce a kashe inji. Ya cire takalmi, ya taka katakon da tafin ƙafa.

"Kun gani," ya ce da Inna. "Shekara da shekaru ruwa na bisa garinmu. Yau ga garinmu bisa ruwa."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Mamman ya ce a yi fatiha, muka yi. Da muka dawo gaɓa na nemi abin ɗaure jirgi, Baba ya zaro igiyar daga aljihu ya jefo mini, ya ce in bar mata sarari.